Baƙin Alamomi a Wasannin Wasa Ƙwaƙwalwa: Me Ke Ƙarƙashinsu, Yaya Ake Karanta Su?

A cikin wasannin bidiyo, waɗanda matasa ke kira gem, akwai wani rukuni da tunani ya fi gudu da harbi yawa a cikinsa. Mai wasa zai kai ga wani kango ko wata rufaffiyar ƙofa, ya tarar da bango cike da zane: nan zobe, can ɗigo uku, ga wasu layuka masu kama da sawun kaza. Babu fassara, babu mai yi masa bayani, ƙofar kuma ba za ta buɗe ba sai ya gane abin da aka rubuta. Wani zai ajiye wasan nan take. Wani kuwa zai ɗauko biro da takarda ya kwana a kai.

Ruɗanin da ke tattare da wannan al'amari ya kasu gida-gida. Akwai masu ɗauka cewa duk irin wannan rubutu sabon harshe ne da aka ƙirƙira tun daga tushe. Akwai masu ganin sai gwanin lissafi ne zai iya taɓa shi. Akwai kuma iyayen da ke leƙa allon wayar ɗansu, su ga zanen da ya yi musu kama da hatimi, hankalinsu ya tashi. Kowanne daga cikinsu yana da dalilinsa, amma mafi yawan lokuta abin da ke ƙarƙashin alamomin ya fi yadda ake zato sauƙi, kuma abin da ke hana Bahaushe karanta su ba shi da alaƙa da kaifin basira.

Kalmomin da ya kamata a fara tantancewa

Wasan wasa ƙwaƙwalwa shi ne wasan da ci gaba a cikinsa ya dogara ga warware matsala, kamar kacici-kacici, sai dai a nan da ido da hannu ake amsawa. Alama ita ce duk wani zane da ke tsaye a madadin wani abu: sauti, ko kalma, ko lamba, ko umarni. Mabuɗi kuwa shi ne bayanin da ke nuna wace alama ce ke madadin me.

Babban abin da ake cakuɗawa shi ne rubutu da harshe. Bahaushe bai kamata ya faɗa wannan rami ba, domin harshensa ɗaya ne amma rubutunsa biyu, boko da ajami. Wanda ya iya boko kaɗai, aka miƙa masa wasiƙar ajami, Hausarsa ce a gabansa cikin rigar da bai saba gani ba. Wanda kuma ya ɗauki jaridar Turkiyya zai iya furta haruffan, tun da na boko ne, amma ba zai fahimci komai ba. Shi kuma baƙon da ya sauka Agadas ya ga rubutun Tifinag na Abzinawa, mai zobba da ɗigo da gicciye, alhali ba ya jin Tamashek, ya haɗu da matsala biyu a lokaci guda: bai san rubutun ba, bai san harshen ba. Waɗannan yanayi uku su ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya, kuma aikin farko na mai warwarewa shi ne ya gane a cikin wanne yake.

Sai rubutun sirri, wato saƙon da aka ɓoye da gangan. Tsofaffin hanyoyinsa biyu ne. Ta farko musanya: a cire kowane harafi a sa wata alama a gurbinsa. Ta biyu sauya wuri: a bar haruffan yadda suke, a hargitsa jerinsu. Wanda ya taɓa jin zaurance ya san ta biyun, domin mai zaurance kan juya gaɓoɓi, "gida" ya koma "dagi", ko ya cusa wata gaɓa a tsakani har wanda ba ɗan gari ba ya ɓace. Malaman ƙasar Hausa ma suna da tasu musanyar, wato ramzi. Mawaƙan ajami kan ɓoye shekarar da suka kammala waƙa a cikin wata kalma kusa da ƙarshe, kowane harafi da darajarsa ta lissafi. A tsarin Magariba da ake bi a nan, shinun 1000 ne, ra kuma 200, shi ya sa ramzin waƙoƙin ƙarni na 13 na Hijira, zamanin Shehu Usmanu da 'ya'yansa, yakan ƙunshi waɗannan haruffa biyu.

Inda abin ya samo asali

Masu tsara wasanni ba su suka ƙago dabarun ba, gadonsu suka ci. Rubutu mafi tsufa da ya iso gare mu a kan yadda ake fasa saƙon musanya na al-Kindi ne, masanin da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9 na Miladiyya. A risalarsa ta fitar da ɓoyayyen rubutu ya nuna cewa kowane harshe yana da haruffan da suka fi wasu yawan fitowa, kamar alif da lam a Larabci. Don haka idan aka ƙirga alamomin saƙo, wadda ta fi kowacce maimaituwa ita ce ake zaton tana madadin harafin da ya fi yawa a harshen. Fiye da shekara dubu ke nan, kuma har gobe mai wasa yana amfani da wannan ƙirga.

Reshe na biyu na gadon shi ne karanta rubuce-rubucen mutanen da suka shuɗe. A 1799 sojojin Faransa suka tono wani dutse kusa da garin Rashid a Masar, ɗauke da wata sanarwa ta shekara 196 kafin Miladiyya da aka rubuta sau uku: da rubutun zane na Fir'aunoni, da rubutun yau da kullum na Misirawan zamanin, da Girkanci. Tun da ana iya karanta Girkanci, sai dutsen ya zama mabuɗi. Duk da haka sai a 1822 Jean-François Champollion ya buɗe ƙofar, bayan ya kama sunayen sarauta irin su Ptolemy da Cleopatra, waɗanda ake kewayewa da zobe, kuma ya dogara da iliminsa na harshen Kibɗawa, jikan tsohon harshen Masar.

Labarin rubutun da ake kira Linear B ya fi kusa da halin da mai wasa ke shiga, saboda babu wani dutse mai fassara. Arthur Evans ya fara haƙo allunan yumɓu masu wannan rubutu a Knossos, tsibirin Kirit, a 1900. Wata malama Ba'amurkiya, Alice Kober, ta shafe shekaru tana rubuta kowace kalma a kan 'yan katuna, har ta gano wasu kalmomi masu tushe ɗaya da ƙarshensu ke sauyawa, alamar cewa harshen yana da nahawu mai lanƙwasa ƙarshen kalma. Ta rasu a 1950 ba ta ga ƙarshen aikin ba. A 1952 Michael Ventris, wanda sana'arsa zanen gine-gine ce, ya yi hasashen cewa wasu kalmomin sunayen garuruwan Kirit ne, ya gwada, sai sauran suka fara faɗowa. Abin da ya fito tsohon Girkanci ne, akasin abin da shi kansa ya daɗe yana zato.

Marubuta labarai kuma sun mayar da wannan aiki abin nishaɗi. Edgar Allan Poe ya yi haka a 1843 da labarin wata taska da aka ɓoye bayaninta cikin lambobi da alamomi, Arthur Conan Doyle kuma ya sa Sherlock Holmes ya fasa wani saƙo na zanen 'yan mutane masu rawa a 1903. Wasan bidiyo ya ƙara abu ɗaya ne kawai: ya karɓe aikin daga hannun jarumin labari ya miƙa wa mai wasa.

Wasanni huɗu, dabaru huɗu

Fez ya fito a 2012 daga wani ƙaramin kamfani na Montreal a Kanada mai suna Polytron, ƙarƙashin Phil Fish. Bangayen duniyarsa cike suke da wasu alamomi masu siffar murabba'i. Rubutun musanya ne tsantsa: kowace alama harafin Turanci ce, sai dai siffofi shida ne kacal ake jujjuyawa ta fuska huɗu, abin da ya ba da alama 24, har ya sa wasu haruffa biyu-biyu suka yi tarayya a alama ɗaya. Ana kuma karanta shi daga sama zuwa ƙasa, a fara da layin dama. Mabuɗin yana cikin wani daji, inda za a ga yanyawa tana tsallake wani kare da ke kwance, ga dutse mai rubutu a gefensu. Duk wanda ya taso da Turanci ya san akwai wata sananniyar jimla a kan yanyawa mai sauri da malalacin kare, wadda ta ƙunshi dukkan haruffa 26, kuma ita ce a jikin dutsen. Dabara ce mai kyau ƙwarai, amma a lura da abin da take buƙata. Wanda bai taɓa jin jimlar ba zai wuce dabbobin nan sau ɗari ya ɗauka ado ne. Bayan haruffa, wasan yana da tsarin lambobinsa, yana kuma da wasu siffofi da ke nufin maɓallan da za a danna a hannu, wato rubutun da ake aikatawa maimakon a karanta.

Tunic, wanda Andrew Shouldice na Halifax a Kanada ya shafe shekaru yana ginawa, ya fito a 2022, kuma ya fi Fez zurfi nesa. Mai wasa yana tsintar shafukan littafin jagora ɗaya bayan ɗaya, mafi yawan bayanin cikinsu da baƙon rubutu, sai 'yan kalmomi jefi-jefi da ake iya karantawa. Shouldice ya sha bayyana cewa so yake ya dawo da halin yaron da ke riƙe da littafin wasan da bai iya karantawa ba, yana lalube ta hanyar hotuna. Waɗanda suka buga Winning Eleven na Japananci a gidajen gem, suka haddace inda ake danna canjin ɗan wasa ba tare da sun karanta ko harafi ɗaya ba, sun san wannan hali.

Wanda ya zo wa Tunic da ƙirgar al-Kindi kai tsaye zai sha mamaki, domin alamomin kamar ba su ƙarewa. Dalili shi ne rubutun ba haruffa yake wakilta ba, sautuka yake wakilta, kuma kowace alama haɗin biyu ce. Layukan da ke ciki baƙi ne, waɗanda ke kewaye wasali ne, idan kuma aka ga ɗan zobe a ƙasa to wasalin ake fara furtawa. Almajirin da ya wuce babbaƙu ya shiga farfaru ba zai ga wannan tsari baƙo ba: baƙi a tsakiya, wasali bisa ko wasali ƙasa ko rufu'a a jikinsa, a furta su tare. Sautukan sun haura 40, kuma harshen da ke ƙasa Turanci ne yadda ake furta shi, ba yadda ake rubuta shi ba. Ko da mutum ya zaɓi Faransanci ko Jamusanci a matsayin harshen wasan, baƙon rubutun yana nan a Turancinsa. Sa'ar da aka yi ita ce ana iya kammala labarin ba tare da an karanta shi ba.

Chants of Sennaar, na wani ƙaramin kamfani a Tulus ta Faransa mai suna Rundisc, ya fito a 2023 ya bi wata hanya dabam. Sunan ba shi da dangantaka da garin Sannar na Sudan, maƙwabcin Mai Wurno. Sunan ƙasar da littafin Baibul ya ce an gina hasumiyar Babila ne, kuma a kan wannan labari aka ɗora wasan: hasumiya mai al'ummomi biyar, kowacce da rubutunta, ba sa jin maganar juna. A nan alama kalma ce sukutum. Darasi na farko wata ƙofa ce da sandar buɗe ta, da ɗan allo a gefe. Mai wasa ya ja sanda sama ya ga abin da ya faru, ya ja ƙasa ya ga akasinsa, shi ke nan ya samu "buɗe" da "rufe" da "ƙofa" ba tare da wani harshen duniya ya shiga tsakani ba. Daga nan nahawu ke shigowa. Al'umma ta farko tana yin jam'i ta hanyar maimaita alama sau biyu, abin da kunnen da ya saba da "iri-iri" da "kashi-kashi" zai kama nan da nan. Wata al'ummar tana da alama ta musamman don jam'i, wata kuma tana fara jimla da abin da aka aikata wa, ta ajiye aikatau a ƙarshe. Har ma akwai darasin da ya wuce nahawu: kalmar da mayaƙan hasumiyar ke kiran mutanen ƙasa da ita tana nufin marasa tsarki, don haka mai fassara dole ya san cewa kalma tana ɗauke da ra'ayin mai faɗinta.

Heaven's Vault na kamfanin Inkle a Kambirij ta Ingila, wanda ya riga Chants of Sennaar fitowa a 2019, ya fi kowanne kama da aikin masu binciken kufai. Kalmominsa haɗe-haɗen ƙananan alamomi ne masu ma'ana, kuma wasan yakan bar mutum ya daɗe yana yawo da fassarar kuskure kafin wani rubutun ya tona ta.

Yadda ake bi a warware

Matakin farko ƙirga ne, kuma ba yawan maimaituwa ake fara ƙirgawa ba, yawan nau'in alamomi ake ƙirgawa. Idan sun tsaya tsakanin 20 da 40, galibi haruffa ne. Idan sun kai 50 zuwa 100, ana zaton gaɓoɓi ne, kamar Linear B mai alamar gaɓa kusan 90. Idan sun shiga ɗaruruwa, ko dai kalmomi ne, ko kuma kowace alama haɗin ƙanana ce irin na Tunic, sai a koma a farfasa su. Mutane da yawa suna ɓata kwanaki saboda sun tsallake wannan mataki, suna neman harafi a inda babu harafi.

Bayan haka sai fuskar karatu. Layin ƙarshe na rubutu yakan zama guntu, kuma gefen da aka bari fili shi ke nuna inda ake ƙarewa. Alamar da ta yi kama da wata amma a juye, a rubuta ta dabam tukuna, kada a yi saurin haɗe su.

Sai a zo ga al-Kindi. A Turanci harafin E ne kan gaba, kusan kashi 12 cikin 100 na rubutu, T na biye da shi, kuma kalma mai harafi uku da ta fi yawa ita ce wadda ake sawa gaban suna don nuna sananne. Da a ce Hausar boko ce a ƙasa, lissafin zai canza gaba ɗaya. Harafin A zai yi wa sauran fintinkau, zai riƙa tsayawa shi kaɗai a matsayin kalma, zai kuma rufe kalmomi masu yawa. Da zarar an kama shi, gajerun kalmomi masu alama biyu da ke ƙarewa da shi ba za su wuce irin su da, na, ta, ya, ba, ka ba. Kalma mai tsarin zobe, sanda, zobe, sanda, idan sanda ce A, to baba ce ko mama ko kaka ko makamancinsu. Kusan duk kalmar Hausa da wasali take ƙarewa, in ban da masu ƙarewa da N ko R da 'yan kaɗan, kuma wannan kaɗai ya isa ya raba wasula da baƙaƙe cikin minti goma. Abin lura a nan shi ne dabarar ɗaya ce, amma ba ta aiki sai mutum ya san harshen da ke ƙasa, ya san shi har cikin ƙashi.

Abin da ya fi ƙirga sauri shi ne kalmar da aka riga aka sani. Rubutu a saman shago, ko a ƙarƙashin hoton takobi, ko kusa da taswira, kyauta ce mai tsara wasa ya ajiye. Haka Champollion ya yi da sunayen sarakuna, haka Ventris ya yi da sunayen garuruwa. Sharaɗin kawai shi ne a riƙe kowane zato a matsayin zato, a rubuta shi da fensir. Gwajin gaskiya shi ne a ɗauki abin da aka samu a kai shi ga wani rubutun da ba a taɓa ba. Idan ya ba da magana mai ma'ana, an kama hanya. Idan sai an yi ta lanƙwasa shi kafin ya yi ma'ana, to son zuciya ne ke karatu.

Bambancin wasa da gaske

Akwai wani abu da masu yabon waɗannan wasanni kan manta. Wanda ya tsara rubutun wasa yana so a karanta shi. Ya auna wahalar, ya ajiye mabuɗi a wani lungu, ya tabbatar rubutun ya isa yawan da za a iya gwaji da shi. Ɓoyo ne irin na uwar da ke wasan ɓuya da ɗanta, ta bar gefen zanenta a waje.

Mai rubutun sirri na gaske ba haka yake ba. Wani mai kisan kai a Kalifoniya da ake kira Zodiac ya aika wa jaridu saƙonni a 1969. Na farkon, mai alama 408, wani malamin makaranta da matarsa suka fasa shi cikin kwanaki. Na biyun, mai alama 340, sai a Disamba 2020 wasu mutum uku daga Amurka da Ostireliya da Beljiyam suka warware shi da taimakon kwamfuta, bayan shekara 51, saboda ya haɗa musanya da sauya wuri, ga kuma kurakuransa na kansa. Tsofaffin rubuce-rubuce kuwa masu su ba su ɓoye komai ba, mutuwa kawai suka yi da harshensu. Shi ya sa rubutun Linear A da na kwarin Indus suke nan har yau ba a karanta su ba.

Yawan rubutu ma yana da hukunci. Hanyoyin da za a iya musanya haruffa 26 adadi ne mai gurbi 27, wanda ba mai iya gwada su ɗaya-ɗaya da hannu. Amma Claude Shannon ya nuna a 1949 cewa saƙon Turanci na musanya mai sauƙi, idan ya kai harafi wajen 30, galibi amsa ɗaya ce kawai za ta dace da shi. Ƙasa da haka, amsoshi da yawa za su iya shiga. Wannan ne dalilin da ya sa mutum zai ga alamomi biyar a bango ya rantse ya karanta su, wani ma ya rantse da nasa karatun, kuma babu mai iya ƙaryata wani.

Inda ra'ayoyi suka saɓa

Muhawarar da ta fi tsufa ita ce ta leƙa amsa a intanet. Wasu na ganin wanda ya kwafo jadawalin haruffan Fez ya ci tuwon da wani ya tauna. Wasu na cewa wasan nasa ne, lokacin ma nasa ne. Akwai gaskiya a duka biyun, sai dai wasu matsalolin tun asali ba don mutum ɗaya aka yi su ba. A Fez akwai wani baƙin dutse da ya gagari kowa, har masu wasa suka raba jerin maɓallan da za a iya dannawa a tsakaninsu, suka yi ta gwadawa har ɗaya ya buɗe. An samu amsa ba a san dalilinta ba, kuma mutane da yawa sun ji kamar an fasa ƙofa ne da gatari alhali makulli na nan a wani wuri.

Masu tsarawa su ma ba bakinsu ɗaya ba a kan tabbatar wa mai wasa amsarsa. Chants of Sennaar yana ba da littafin rubutu mai hotuna, idan aka daidaita alamomin shafi da hotunansa sai ya tabbatar. Wannan yana hana mutum ɓacewa, amma masu suka na cewa idan saura alama uku da hoto uku, ana iya cin shafin da canki-canki. Heaven's Vault ya zaɓi barin shakka, abin da ya fi kama da gaskiyar aikin, ya kuma fi gajiyar da mai gajen haƙuri.

Batun da ya fi shafar mai karatun Hausa shi ne na harshen da ke ƙasa. Ana tallata irin Fez da Tunic a matsayin gwajin basira, alhali rabin gwajin na Turanci ne, na Tunic ma har da lafazin Arewacin Amurka. Ɗalibi a Zindar ko Maraɗi da ya yi karatu da Faransanci zai iya gano tsarin Tunic tsaf, ya raba baƙi da wasali, ya furta abin da aka rubuta, ya tsaya nan. A wannan fuska hanyar Chants of Sennaar ta fi adalci, domin ma'ana daga abin da ido ya gani take fitowa.

Game da tsoron cewa alamomin tsafi ne, a wasannin nan da aka ambata an san abin da rubutun ke cewa, jadawalinsa a fili yake, kuma mafi yawansa bayanin yadda ake wasa ne ko tarihin ƙagaggiyar duniyar. Abin da ya cancanci kulawar iyaye shi ne labarin wasan da hotunansa da sa'o'in da yake ci, domin wasu wasannin suna ɗauke da ƙagaggun addinai da alloli a labarinsu, kuma wannan ana iya bincika shi kai tsaye ba sai an tsaya ga siffar zane ba.

Abin da zai iya biyo baya

Kada a ɗora wa wasannin abin da ba su ɗauka ba. Da'awar cewa wasa yana ƙara basira gaba ɗaya ta taɓa jawo wa kamfanin da ya yi manhajar Lumosity biyan dala miliyan 2 a Amurka a 2016 saboda tallan da ba shi da isasshiyar hujja. Abin da za a iya faɗa ba tare da ƙari ba shi ne mai warware baƙon rubutu yana koyon ƙirga kafin zato, da gwada zato, da janye shi idan ya faɗi. Malamin nahawu da ya ga ɗalibi ya gano da kansa cewa jerin kalmomi a jimla yana iya bambanta daga harshe zuwa harshe ya san darajar wannan.

A ɗaya gefen, manhajojin da ke fasa musanya mai sauƙi cikin daƙiƙa sun yawaita, ga kuma ƙirƙirarriyar basira. Alamu na nuna masu tsarawa za su ƙara karkata ga rubutun da ma'anarsa ke cikin duniyar wasan, wanda kwafe shi zuwa wata manhaja ba zai wadatar ba.

Tambayar da ta rage ita ce ko za a ga irin wannan wasa da Hausa a ƙarƙashinsa. Ta fuskar tsari, harshen ya dace da salon Tunic fiye da Turanci, domin gaɓar Hausa siffa uku gare ta kacal: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Wanda zai tsara shi zai fuskanci shawarar da boko ya kauce mata, wato ko zai nuna tsawon wasali da karin sauti. Idan bai nuna ba, "gari" na zama da "gari" na tuwo alama ɗaya za su ɗauka, mai wasa kuma sai ya duba ko rubutun a ƙofar ganuwa yake ko a jikin buhu.